Na ga marubucin littafin da nake karanta wa Baba

Anti, don Allah ki taimake ni, na rasa wanda zan faɗa wa. Ni ma'aikaciyar jinya ce. Tun da idon Baba ya mutu, kullum na taso aiki sai na zauna gefen gadonsa na karanta masa littafi. Akwai wanda ya fi so, labarin wani ɗa da ke jinyar mahaifiyarsa. Mun karanta shi har bangon ya rabu, ni ma nakan yi hawaye.

To, ran nan sai ga marubucin a asibitinmu, ya kawo tasa mahaifiyar. Da hoton bayan littafin na gane shi, murna ta kama ni. Anti, tsohuwar nan tambayarsa kawai ta yi ina takalminta, ya daka mata tsawa a gaban mutane, ya koma latsa waya. Ni na durƙusa na sa mata takalmin.

Tun ranar in na buɗe littafin tsawar nan nake ji. Na ce wa Baba maƙogwarona ke ciwo, yau kusan sati biyu ban karanta masa ba. Jiya na tarar da shi ya rungume littafin yana shafa bangon. Na gaji, wallahi. In faɗa masa gaskiya ne, ko in ci gaba da karanta abin da na daina yarda da shi?

Mai karanta wa Baba

Ƙanwata, sannu da ɗawainiya. Tsawar da ya yi ba ta da kyau, ba zan wanke shi ba. Amma minti nawa kika gan shi? Ke da kike jinya a asibiti, ki dawo gida ki ɗora wata, kin fi ni sanin abin da gajiya ke sa bakin mutum ya furta. Wataƙila ya rubuta ɗan da yake fatan zama ne, bai kai ba tukuna.

Kada ki kai wa Baba wannan labari, ba abin da zai ƙara masa. In littafin ya yi miki nauyi, ki samo wani ku fara tare, ki kuma roƙi wani cikin 'yan'uwanki ya riƙa karɓarki, don akwai gajiya a wasiƙar nan. Amma ciwon maƙogwaron nan ya warke yau. Baba bai taɓa jin muryar marubucin ba. A wurinsa, muryar littafin nan taki ce, kuma ita yake kewa.

Allah ya ƙara masa lafiya, ke kuma ya ba ki lada.