Mijina Ya Faɗi Asalin Sunan Magani a Gidan Surukai

Abla Su'ad, ki agaje ni, auren 'yata na neman wargajewa saboda haruffa uku.

Mijina Ra'afat mai kantin magani ne a nan Iskandariyya, shekara talatin ke nan yana sana'ar. Ba ya shan taba, ba ya zagi, amma wanda ya je sayen maganin mura sai ya sha tarihin sunan maganin kafin ya sha maganin. Ni na saba, barci nake da ido buɗe.

Ranar Juma'a muka je cin abinci gidan iyayen Tamir, saurayin 'yarmu Nirmin. Muna cikin miyar lalo da soyayyen kifi, mahaifiyarsa Hajja Fawziyya ta ciro maganin ciwon ƙirjinta. Ina ganin sunan ya fara da "sef" na taka ƙafar Ra'afat. A banza. Wai daga kalmar Girkanci ce mai nufin "kai", sunan wata funfuna da aka fara samo maganin daga jikinta. Da nan ya tsaya! Sai ya ƙara da cewa a tekun Sardiniya aka gano funfunar, daidai inda ruwan masai ke kwarara.

Hajja ta ajiye cokali, ta ce ashe abin da take haɗiya ke nan safe da yamma. Kwana huɗu ke nan ta ƙi sha, tari ya dawo, ta ce ba za ta haɗa jini da masu zancen masai a kan abinci ba. Nirmin kuka, Ra'afat kuwa cewa yake ai bai yi ƙarya ba. Yaya zan yi?

Uwar Amarya, Iskandariyya

'Yar'uwa, Doktan naki bai yi ƙarya ba, kuma ba a samun mai kantin magani da ya san kayansa haka kullum. Laifinsa ɗaya, bai san bambancin aji da teburin surukai ba. Hajja ma ta yi wauta: ta yi fushi da mutum, ta huce a kan ƙirjinta.

Fara da lafiyarta. Tamir ya kai ta wajen likitanta yau, likitan ya faɗa mata a masana'anta ake haɗa maganin, ba da bokiti ake ɗebo shi ba. Sannan ki tasa Ra'afat gaba da tiren kek ɗin basbusa ya je ba da haƙuri. Kalma biyu aka yarda masa: "Na tuba." Idan ya fara bayanin asalin kalmar, ki ja shi waje.

Allah ya ba Hajja lafiya, ya sanya alheri a auren.

Abla Su'ad