Zare Goma Sha Tara a Hannuna

Lovech, 9 ga Maris

Zuwa ga Yaya Nevena,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da mai gidanki da yara. Yaya ciwon gwiwar?

Yaya, yau ƙorafi na kawo miki. Masu auna aikin jinya sun zo asibitinmu ran uku ga wata, sun bi sashe-sashe suna ba da maki. Darakta ya riga ya faɗa, wadda sashenta ya zo na ɗaya ita za ta zama shugabar masu jinya. Shekara ashirin da biyu ina jiran kujerar nan.

Sashena na tsofaffi ne. Bana ko mutum ɗaya bai yi gyambon kwanciya ba, don duk awa biyu muke juya su. Amma abin da mai aunawar da ta zo daga birnin Sofiya ta fara gani hannuna ne. Ran ɗaya ga Maris tsofaffina sun ɗaura min martenitsa, zaren nan ja da fari na al'ada da ba a cirewa sai an ga shamuwar farko, har goma sha tara. Ta ce zare a hannun nas matattarar cuta ne, ta zabge mana maki. Na ce, "Baiwar Allah, ke ba 'yar ƙasar nan ba ce? Wa ke cirewa bai ga shamuwa ba?" Ta rubuta wannan ma.

Mu ne na biyar. Na ɗaya kuwa Radostina, ƙawata tun makarantar jinya. Ashe ta tsinke nata zaren tun da safe, har da wanda ni na ɗaura mata. Ba zan ɓoye miki ba, hassada nake ji. Da aka kafa sakamakon a allo har na duba ko an yi kuskure a sunanta. Ta aiko min da banitsa, gashin nan na fulawa da cuku, na ba mai gadi.

Ki gaida kowa.

Ƙanwarki,
Tsvetana

Lovech, 28 ga Maris

Yaya Nevena,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ga wasiƙarki. Kin ce dokar tana da gaskiya, zare na riƙe datti. Na sani, shi ya sa na fi jin haushi.

An ba Radostina kujerar. Ofis har da labule, da ƙyar na iya taya ta murna.

Ran Talata sai ga ta tana turo mahaifiyarta a keken marasa lafiya, ɓarin jiki ya shanye. Na ce, "Ranki ya daɗe, kin yi ɓatan kai. Nan na biyar ne."

Ta ce, "Tsveta, bar tsiya. Ni na iya takarda, ke kin iya mutum. Inna ce fa."

A gaban yaran aikina ta faɗa, ko kunya ba ta ji ba. Ni da na kasa cin banitsarta. Ko a nan ta fi ni, Yaya, kuma wannan ya fi kujerar ci min rai.

Jiya na ga shamuwa a kan bututun hayaƙin makaranta, na kwance zaren duka na rataye a bishiyar tsakar asibiti. Tsohuwar tana gado na bakwai. Ni nake juya ta da kaina, hannu wanke tas.

Ki shafa min kan yara.

Taki har kullum,
Tsvetana