Motar Lantarkina Ta Ƙi Tashi Ranar Da Baba Ya Faɗi

Hajiya Safina, don Allah ki taimake ni. Wata uku ke nan ban samu wanda zan faɗa wa wannan magana ba.

Ni ɗan Geza ne a ƙasar Bagudo, ina fataucin shinkafa da albasa tsakanin kasuwar Lolo da Benin. Da fetur ya yi tsada, na sayo motar lantarki ta hannu daga Kwatano, tunda muna da sola a gida. Yayana Malami bai so ba. Ya ce a ƙauye ba a sayen abin da makaniken gari bai san cikinsa ba. Mahaifinmu, Baba Manu, shi ne ya tsaya mini. Tsoho ne da ya yi shekara arba'in yana su a kogin Kwara, ƙarar injin jirgi ta cinye masa kunne guda. Ya ce bai taɓa hawa abin da ke tafiya shiru kamar kwalekwale ba sai ita. Kullum bayan La'asar yakan shiga ya zauna yana jin tafsiri a rediyonta.

Da damina hanya ta lalace, na yi mata caji ta cika, na ajiye ta a rumfa na koma hawa mashin. Sati shida ban tayar da ita ba. Wata Talata da hantsi Baba ya faɗi a bakin rijiya, bakinsa ya karkace. Na ruga da makulli, ƙofar motar ma ta ƙi buɗewa. Da na buɗe da ƙarfen makullin, na danna maɓallin tayarwa, na sake dannawa, ko fitila ɗaya ba ta kawo ba. Ban san iya lokacin da na ɓata a wurin ba. Baba yana kan tabarma, da ƙyar ya ce, “Bar ta, ɗana, ita ma ta gaji. Mu tai ga mashin.” Muka sa shi a tsakiya, ni da Malami. Kafin mu kai Bagudo na ji kansa ya yi nauyi a bayana.

Tun rasuwar, Malami bai taɓa ce mini komai a kai ba, kuma shirun nan ya fi zagi. Muna gaisawa a masallaci, shi ke nan. Motar tana nan, kaji na kwana a ƙarƙashinta. In sayar, ko in bar ta ta ruɓe? Hajiya, ni na kashe mahaifina?

Mai Nadama, Geza

Ɗana Mai Nadama,

Allah Ya jiƙan Baba Manu, Ya sa can ta fi masa nan. Ba kai ka kashe shi ba. Irin wannan faɗuwa takan ɗauki mutum ko yana kwance a gaban likita, kuma ajali ba ya jiran abin hawa. Amma ba zan ce maka babu abin gyara ba, domin ka rubuto ne ka ji gaskiya.

Na kai wasiƙarka wurin wani mai gyaran wutar mota. Ya ce batir biyu ne a motarka. Babban, wanda ka cika, shi ke juya taya. Akwai ƙarami irin na kowace mota, shi ke buɗe ƙofa, ya kunna rediyo, ya tayar da babban. In ya mutu, ko babban ya cika maƙil mota ba za ta motsa ba. Doguwar ajiya da zafin ƙasarmu suna cin sa, rediyo ma yana shan sa in mota a kashe take. Kada wannan ya dame ka: abin da ya sha, mahaifinka ne ya ji daɗinsa.

Kada ka bar ta ta ruɓe. A jona mata batirin wata motar ta tashi, amma wanda ya yi wata uku a mace ba abin dogaro ba ne, sa sabo daidai irin nata. Daga nan ko ba ka fita, duk sati ka tayar da ita har alamar shirin tafiya ta kawo, ka bar ta rabin awa. Zare cajar waya in ka fito, ka ajiye ta a inuwa, ka goge farin garin da ke taruwa a kan ƙaramin batirin, ka sa a riƙa gwada ƙarfinsa kafin damina. Ka ajiye wayar jonawa a ciki. Manyan wayoyi masu launin ruwan lemo kuwa, kada hannunka ya kai gare su.

Malami yana da gaskiyarsa, ka sayi abin da ba a koya maka ba. Sai dai ka tuna shi ne ya riƙe Baba daga baya a kan mashin ɗin nan. Wataƙila shirunsa ba zargi ba ne, shi ma nasa nauyin yake ɗauke da shi. Kai ne ƙarami, kai za ka je. Same shi a gida, ka faɗa masa abin da ka faɗa mini, ko da kuka zai zo. Maganar sayarwa ku yanke ta tare bayan nan, ba yanzu da zuciya ke ciwo ba.

Allah Ya sanyaya muku zuciya, Ya haɗa kanku.

Hajiya Safina