Na Ɓoye Sunan Kawu, Na Bar Bahago

Yaya Hajara,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya maigidanki da yara, ya sanyin Jos? Da fatan ƙafar taki ta yi sauƙi. Mu nan Badariya lafiya lau muke, sai dai ni hankalina ba a kwance yake ba.

A binciken da nake yi kan dokar hana kamun kifi a kogin Argungu, Kawu Umaru ya faɗa mini, muna cin tuwo a zaurensa, cewa yakan shiga ruwan da aka rufe idan gida ya rasa abin miya. Da ɗan ƙanwarsa ya yi wannan magana, ni kuwa na sa ta a takardar da na karanta gaban jami'ai da dattawan masunta. Na cire sunansa kamar yadda aikinmu ya tanada, amma na rubuta "wani tsohon masunci bahago". Yaya, na manta cewa a duk unguwar, Bahago ake kiransa.

An karɓe homarsa ta kamun kifi, an kuma yi masa faɗa gaban surukansa.

Ranar Juma'a na je ba shi haƙuri. Mutumin da tun ina yaro bai taɓa kirana da komai ba sai Ɗan Auta, ya shimfiɗa mini tabarmar baƙi, ya ce, "Sannu da zuwa, Dakta. Mi za a rubuta yau?"

Don Allah ki kira shi, yana jin maganarki. Ki gaida kowa, ki sa ni a addu'a.

Ƙanenki,
Bashar