Dariyar da Na Yi Cikin Baƙin Kaya

Zuwa ga mahaifiyata abar ƙaunata,

Gaisuwa mai yawa tare da ladabi, cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina fata kina hutawa lafiya a inda babu ciwon ƙafa, babu hayaƙin murhu. Idan kin haɗu da surukinki Bulus ki gaishe shi, ki ce masa yara suna nan lafiya. Wata bakwai ke nan da ya bi bayanki, ni kuma ina cikin baƙin kaya har sai shekara ta cika, kamar yadda aka saba.

Mama, an kai ƙarata, kuma na fi so ki ji daga bakina. Laifina shi ne an gan ni a gidan abinci da rana tsaka, da kayan makoki a jikina, ina dariya. Baba Ishaya, wan Bulus, ya kira taron dangi a unguwarsu ta Kamazou ran Lahadi bayan sujada a coci. An aiko mini in zo in durƙusa in roƙi gafara, in ba haka ba babu ɗan gidansu da zai taka ƙafa ranar cire mini baƙi.

Bari in gaya miki wurin, don ba ki san shi ba. Ɗan ƙaramin gidan abinci ne a nan Narayi, bayan layinmu, tebur shida ko bakwai. Mai shi dattijo ne mutumin wajenmu. Ya yi shekaru yana dafa wa Italiyawa masu aikin gine-gine, da suka tafi sai ya buɗe nasa. Taliya yake yi iri-iri, da wata gurasa mai faɗi da ake gasawa da tumatir da cuku.

Ranar da muka cika shekara goma da aure Bulus ya fara kai ni. Kin san surukinki, makaniken Kakuri da baƙin mai ba ya barin farcensa, amma ran nan har da taye a wuya. Aka kawo taliya. Ya kai loma ɗaya, ya ajiye cokali, ya sa aka kira mai gidan. Cikin girmamawa ya ce a taimaka a mayar da ita wuta, ba ta nuna ba, ko gas ne ya ƙare musu? Dattijon ya yi masa bayani cewa haka Italiyawa suke son ta, da ɗan taurinta a haƙori. Bulus ya girgiza kai ya ce, "Ashe shi ya sa suka koma ƙasarsu, yunwa ce ta kore su."

Tun daga nan kowace shekara muke komawa. Ni a kawo mini irin ta Italiyawa, shi kuma a dafa masa tasa har ta yi luguf. Dattijon ma ya sa mata suna, wai ta Oga Bulus.

Talatar da ta wuce ranar ta zagayo. Na tashi na rasa inda zan sa kaina, gidan ya yi mini faɗi. Na ɗaura ɗankwalina baƙi na fita, ko hoda ban shafa ba. Na zauna a teburinmu na bakin taga. Dattijon ya zo ya yi mini gaisuwar rashi, bai tambaye ni abin da zan ci ba, ya koma ciki. Da ya dawo sai ya ajiye mini faranti. Taliya ta dahu ta narke, kaɗan ya rage ta zama gwate. Ya ce ta Oga Bulus ce.

Mama, dariya ta kuɓuce mini. Na yi ta har hawaye suna zuba cikin miyar. Wata bakwai duk sanda na rufe ido Bulus na gadon asibiti nake gani, wanda ya rame har zobensa yana faɗuwa. Ran nan ne na fara ganin nawa Bulus, mai taye a karkace, yana koya wa mai girki girki.

Daidai lokacin Maman Godiya ta zumuntar matan cocinmu ta wuce a cikin keke mai ƙafa uku. Idonta kuwa, Allah ya ƙara mata lafiya, ya fi na likita. Kafin in gama faranti labari ya isa Kamazou. Zuwa yamma an ƙara masa gishiri, wai da namiji aka gan ni, da jan giya a gabana. Namijin dattijo ne mai jikoki, da hular girki a ka. Giyar kuma zoɓo ce.

Kin san abin da ya sa nake rubuto miki ke, ba Fasto ba?

Lokacin da Baba ya rasu ina shekara goma sha biyu, muna ƙauye kusa da Zonkwa. Kina zaune kan tabarma da baƙin zanenki. Wata rana akuyarmu ta cusa kai cikin tukunyar gwate ta kasa fitarwa, ta yi ta zagaye tsakar gida da tukunya a ka tana karo da rumbu. Kika fashe da dariya. Nan take kika rufe baki da hannu biyu, kika waiga ƙofa kamar ɓarauniya. Kika jawo ni kika ce, "Rifkatu, don Allah kada ki gaya wa kowa."

Uwa tana roƙon 'yarta don ta yi dariya! Har yau abin yana ci mini rai. Shekara ta cika, aka yi addu'a, aka cire miki baƙi, aka ci shinkafa. Amma dariyarki ba ta dawo ba. Har kika bar duniya, in abu ya ba ki dariya, hannu ne yake fara zuwa baki.

Yanzu 'yata mai sunanki shekararta goma sha biyu ita ma. Jiya ƙaninta ya yi wani shirme, na ga ta danne dariya tana satar kallona. Na ga hannunki a bakinta, Mama, kuma a nan na yanke shawara.

Zan je Kamazou ran Lahadi. Zan durƙusa in gaida Baba Ishaya kamar yadda kika koya mini, domin babba ne. In na gama gaisuwa zan tashi. Gafara kam ba zan roƙa ba. Ni na kwana da Bulus a asibiti, ni na juya shi, ni na rufe masa ido. Babu mai koya mini yadda zan yi kewarsa. Baƙin nan zan sa shi har shekara ta cika don ina son mijina, ba don tsoron bakin kowa ba. In sun ƙi zuwa ranar cirewa, hannun da ya ɗaura shi ya isa ya kwance shi.

Daga taron kuma zan ɗauki yara mu wuce Narayi. Za mu zauna a bakin taga, inda kowa zai gan mu da kyau. Zan ce a kawo ta Oga Bulus, in ba su labarin ubansu da taye, sannan in ba su labarin kakarsu da akuya.

Ki yafe mini, Mama. Shekara talatin na riƙe miki alkawari, ran Lahadi zan gaya wa kowa.

Allah ya ba ki hutawa, ke da Baba da Bulus. Ya ba ni ƙarfin gwiwa ran Lahadi, ya tsare harshena daga rashin kunya. Kuma a inda kike, in abu ya ba ki dariya, ki sauke hannun nan. Amin.

Taki har abada,
Rifkatu