Wakafin Mahadi

Nakkasa, Makka
9 ga Sha'aban

Zuwa ga ƙanena Ismail,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Kabira da yara. Yaya ƙafarta? Ni da sauƙi, sai sugan nan mai hawa da sauka. Da hannu na rubuta na ɗauki hoto na turo, don muryata rawa take yi kwanan nan, ba na so ka ji ta.

Saƙonka ya same ni a unguwar Zahir, ina zaune gaban aswaki da carbin da nake kasawa. Sau uku na saurara. Wato tunda jiha ta sakar wa ƙaramar hukuma laburaren Rafin Kanya, Ciyaman ya ce ba shi da abin gyara rufi, za a yanka ginin a yi shaguna, littattafai kuma a ba masu saye a sikeli. Na san mutanen nan, Ismail. Takarda in ta shiga hannunsu, ƙunshin tsire za ta koma.

Ba zan zagi Ciyaman ba. An jibga masa gini ba a haɗa masa da ko ƙusa ɗaya ba, ga rijiyoyin burtsatse duk sun mutu. Amma da ya taɓa leƙa ɗakin nan da hantsi ya ga 'yan matan da ke shirin jarrabawa, da bai yi saurin sa hannu ba.

Ka gaya wa 'yan kwamitin gari, littattafan da ke kantar gabas ba na hukuma ba ne. Tun da aka fara rubuta "izala" da jan fenti a bangayen unguwar nan, alamar za a rushe, nake bi gida gida ina roƙon littattafan tsofaffinmu da suka zo a ƙafa ta Sudan. Maƙwabciyata Hajiya Ɗaso akwati guda ta ba ni na marigayi mijinta, saboda jikokinta Larabci kawai suke ji, ajami kuwa zane ne a wurinsu. Na rantse mata ba za a sayar ba, ba za a zubar ba. Kowane ɗaya na buga masa hatimin wakafi, irin wanda ake buga wa Alƙur'anan da ake ajiyewa a Harami, sannan na riƙa lallaɓar alhazai su ɗaukar mini bibbiyu zuwa laburaren. Shekara goma sha ɗaya ke nan. Wakafi ba a sayar da shi. Ku kai magana gaban alƙali.

A gaida kowa da kowa.

Yayanka,
Mahadi

Nakkasa, Makka
17 ga Shawwal

Ismail ɗan'uwana,

Sallama da fatan alheri. Barkanku da shan ruwa, ko da na makara. Ina fata an yi Sallah lafiya.

Na ji yadda zaman kotu ya kasance. Lauyan ƙaramar hukuma bai yi ƙarya ba da ya ce littattafan suna cikin rajistar hukuma, kuma kada ka ɗora wa kanka laifi. Laifina ne. Shekara goma sha tara na yi ina riƙe da laburaren nan kafin ka gaje ni, ni na kafa dokar cewa duk littafin da ya shigo a ba shi lamba a rajista, a manna masa takardar hukuma a shafin farko. Ka tuna shekarar da na fara turowa ka ce a ware su, na yi ta yi maka faɗa a waya, na ce littafin da ba shi da lamba sata yake jira? Ga shi takardar ta hau kan hatimina daidai, in an ɓamɓare da shafin take tahowa. Ɓarawon cikin gari na yi wa shiri, ban taɓa tunanin mai ginin ba.

Alƙali ya ce tunda ba rubutacciyar shaida, sai mai wakafin ya tsaya gabansa ya rantse. Ba ya karɓar waya. Gaskiyarsa, kowa ma zai iya kira ya ce shi ne Mahadi.

To amma ka san halin da nake ciki. Ba ni da iƙama, takardar izinin zama, tun da na zo Umara na zauna. Hanyata ɗaya ce zuwa gida: in miƙa kaina gidan tarhil, inda ake tara waɗanda za a mayar ƙasashensu. Za su ɗauki hoton yatsuna, daga nan ni da garin nan sai dai a waya. Yanzu kuma Hajji ya gabato, bincike ya tsananta. Ranar Talata aka kama Issoufou, ɗan Maraɗin da muke ɗaki ɗaya, a bakin tashar mota. Ina tsallaken titi. Ya dube ni, na sunkuya ina gyara takalmin da bai kwance ba. Har yau buhun kayansa yana nan, na kasa taɓawa. Duk motar da ta tsaya a gindin dutsen da unguwarmu take kai, sai na leƙa na ga ko 'yan sanda ne.

Bari in faɗa maka abin da ban taɓa faɗa ba. Ba neman arziki ya zaunar da ni ba, wane arziki a aswaki? So nake in mutu a nan, a sallace ni a Harami. Likkafanina na wanke shi da Zamzam, yana ƙarƙashin matashina.

Ba zan iya zuwa ba. Ku nemi wata hanya, don Allah.

Naka,
Mahadi

Nakkasa, Makka
6 ga Zulƙida

Ƙanena Ismail,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaida kai da iyali, ina yi wa 'yan kwamiti sannu da ƙoƙari.

Na ga hoton da ka turo, sikeli a ƙofar laburare, an jingina shi da bishiyar darbejiyar da na dasa. Ban ji haushin da ba ka rubuta komai a ƙasa ba.

Shekaranjiya jan fenti ya iso bangon Hajiya Ɗaso. Na je taya ta ɗaure kaya, za ta koma wurin ɗanta. Tana naɗe tabarma ta tambaye ni labarin littattafan Malam, marigayi mijinta. Na ce lafiya lau suke. Ta ɗaga hannu ta yi hamdala, rabi da Hausa rabi da Larabci, ta ce Malam ya yi shekara hamsin yana cewa zai koma gida bai koma ba, to ga littattafansa sun koma, yara suna karantawa, halas, shi ke nan, ita ta huta. Ta tsokane ni wai ni ne Bature mai laburare, ta zuba mini shayi. Ismail, na ajiye shayin nan ban sha ba. Tsohuwa ta ba ni amana, na yi mata ƙarya, kuma ina kwana da likkafani ina jiran a sallace ni a Harami. Da wace fuska?

Jiya na samu na yi ɗawafin bankwana. Na raba sauran aswakin. Gobe bayan Azahar zan sauka bakin titi inda 'yan sanda ke tsayawa, in ce musu ba ni da takarda. Ina jin tsoro, ba zan ɓoye maka ba. Ina tsoron cunkoso, ina tsoron sugana ya tashi a inda ba wanda ya san sunana. Ban san ko kwana goma zan yi ba ko wata biyu, kuma zai yiwu ka ji wayata a kashe. Kada ka ce na gudu.

Ka roƙi alƙali ya ɗaga zaman zuwa bayan Babbar Sallah, ya kuma hana a ɗora ko littafi ɗaya a sikelin nan kafin in iso. Hatimin yana aljihuna, zan ajiye masa a kan tebur ya gwada da idonsa. In na yi nasara kantar gabas kaɗai na ceto, sauran ginin aikinku ne ku mutanen gari.

Likkafanin ma da shi zan taho. In ka samu sarari ka je wurin mai unguwa, ka tambaye shi ko akwai sauran wuri kusa da kabarin Baba.

Ku sa ni a addu'a. Na bar ku cikin amanar Allah.

Yayanka,
Mahadi