Takardar Digirinki Ta Buɗe Jiya

Ɗiyata Bilkisu,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya maigidan da yara? Ya ƙarin haƙurin rashin Innarki?

PDF ɗin digirinki da kika turo sai jiya ya buɗe. Lokacin da Innarki tana asibiti, kullum sai ta ce in nuna mata. In na danna, burauzar, wato manhajar shiga intanet, ta yi ta juyi, sai farin shafi. Ni da na tsaya a aji huɗu na firamare, har hura wayar nake kamar garwashi, tana dariya.

Ashe sabunta burauzar kawai ake yi, in ji mai shagon kwamfuta a Ƙofar Sauri. Ya buga mini shi a takarda. Na shigo gida ina “Hajiya, fito ki gani!” sannan na tuna.

Ki yi mata addu'a, ki haɗa da ni. Gaida kowa.

Babanki